Yinin Da Ba A Tayar Da Inji: Hutunmu A Zangon Palo Duro

Tun da ni da maiɗakina muka sayar da gidanmu na Dallas bayan na yi ritaya, muka koma zama dindindin a cikin irin motar nan mai ɗakin kwana da kicin da banɗaki wadda Amurkawa ke kira RV, tambayar da 'yan'uwa suka fi yi mana ita ce ko ba ma gajiya da tuƙi. Gaskiyar magana ita ce tuƙi yana gajiyarwa ƙwarai, kuma ba direba kaɗai yake gajiyarwa ba, har da gidan kansa, domin gida ne da ake jijjiga shi a kan kwalta da gudun mil 60 a awa, da kwanukansa da famfunansa da wayoyin wutarsa duka a ciki. Saboda haka ne waɗanda suka daɗe a wannan rayuwa suke ware ranakun da ba a tayar da inji ko kaɗan. Ana kiran irin wannan rana da ranar hutu, amma wanda ya zaci kwanciya ake yini yi zai sha mamaki, domin a cikinta ne ake biyan duk bashin da hanya ta ɗora wa mota da mutanen cikinta.

Motarmu matsakaiciya ce, daga cikin waɗanda ake ɗora wa ɗaki a bayan kan babbar mota har gadon kwana ɗaya ya leƙo ta saman direba. Tsawonta ya kusa ƙafa 30, kuma muna jan ƙaramar mota a bayanta domin shiga gari. Akwai ƙa'idar da masu irin wannan tafiya suke yawan faɗa wa sababbin shiga, wato kada a wuce mil 300 a yini, a isa masauki kafin ƙarfe uku na rana, sannan a kwana uku kafin a ƙara gaba. Ba doka ba ce, kuma mu ma ba kullum muke cika ta ba, amma duk lokacin da muka jera tafiya ba tsayawa, alamun suna bayyana da kansu. A wancan karon muna tahowa ne daga jihar New Mexico a kan babbar hanyar I-40 cikin watan Oktoba, muna kwana a filayen ajiye motoci inda babu wuta babu ruwa, har batiran ɗaki suka fara rauni, tankunan ƙazanta suka doshi cika, abincin da ke firiji ya ƙare, ni da Hajiya kuma muka fara ba juna gajerun amsoshi. Wannan ta ƙarshe ita ce alamar da na fi ɗauka da muhimmanci.

Wurin da muka zaɓa shi ne gandun shaƙatawa na jihar Texas da ke kwazazzabon Palo Duro, kimanin mil 25 kudu maso gabas da birnin Amarillo. Kwazazzabo ne mai tsawon kusan mil 120, zurfinsa wajen ƙafa 800, kuma a duk Amurka Grand Canyon ne kaɗai ya fi shi girma. Gandayen jihar Texas suna karɓar rajistar masauki ta intanet tun watanni biyar kafin ranar zuwa, kuma a lokacin kaka wuraren da ke da wuta da ruwa suna ƙarewa da wuri, musamman daren Juma'a da na Asabar. Mai zaman dindindin a mota yana da fifiko ɗaya a nan, wato ba ya ɗaure da ƙarshen mako, don haka muka nemi tsakiyar mako muka samu gurbin dare biyu a jere. Dole ne ya zama dare biyu, domin wanda ya kama dare ɗaya zai iso da yamma ya tashi da hantsi, bai sami yini ko ɗaya cikakke ba.

Da muka tsallaka iyaka daga New Mexico zuwa Texas agogo ya yi gaba da awa ɗaya, abin da ke rage wa matafiyi hasken rana idan bai sa shi a lissafi ba tun da safe. Daga Amarillo muka bi I-27 zuwa garin Canyon, daga nan muka yi gabas wajen mil 12 a kan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa wadda ba ta nuna alamar akwai rami a gabanta, sai kawai ƙasa ta tsage a ga jajayen duwatsu a ƙarƙashi. Bayan an duba takardarmu a ƙofa, sai gangara. Hanyar tana da lanƙwasa masu tsanani, gangararta ta kai kashi 10 cikin ɗari, kuma ma'aikatan da gwamnatin Shugaba Roosevelt ta ɗauka aiki a lokacin karayar tattalin arziki ne suka sassaƙa ta a jikin dutse kafin a buɗe gandun a 1934. Mota mai nauyin tan shida ba a saukar da ita irin wannan wuri da birki. Na sa ta a ƙaramar giya tun daga sama domin inji ya riƙe ta, ina taka birki da ƙarfi na ɗan lokaci ina sakewa, domin wanda ya ɗora ƙafa a kai bai ɗaga ba zai ƙona shi kafin ya kai ƙasa.

Aikin yada zango yana da tsari, kuma duk abin da aka yi daidai a yammacin isowa yana rage wahalar gobe. Da farko mun kwance ƙaramar motar, domin ba a ja da baya alhali tana ɗaure. Sannan na sauka na zagaya gurbin da ƙafa, ina duba rassan da za su iya gogar rufi, da inda turken wuta da famfo suke, da ko ɓangaren falon da ke turowa waje zai sami sarari. Hajiya ce ke tsayawa a baya tana ba ni umarni ta oba-oba, saboda a ƙasan kwazazzabon wayar salula ba ta samun sabis ɗin kirki. Yarjejeniyarmu ita ce duk lokacin da ban gan ta a madubi ba, zan tsaya cak har sai ta sake bayyana. Na ji muryarta tana cewa, "Alhaji, karya hagu kaɗan, ka zo a hankali, saura taku biyu," har ta ce in tsaya. Maƙwabta sukan fito su zauna suna kallon sabon zuwa yana ja da baya, kuma hanya mafi sauƙi ta kauce wa abin kunya ita ce mutum ya yi kamar babu su.

Daga nan sai daidaita mota. An ce ido ba mudu ba ya san kima, to amma a nan kimar ido ba ta wadatarwa, sai an ɗora ma'aunin nan mai ƙwayar iska irin na magina a kan daɓen kicin. Dalilin bai tsaya ga jin daɗin kwanciya ba. Firijin da ke cikin yawancin irin waɗannan motoci ba shi da kwamfiresa, da zafin gas ko na lantarki yake aiki, yana tafasa ruwan amoniya wanda ke komowa ƙasa ta cikin bututu da nauyin kansa. Idan motar ta karkace fiye da 'yan digiri kaɗan, ruwan ba ya zagayawa yadda ya kamata, bututun ya yi zafi ya toshe a hankali, kuma gyaran yana cin kuɗi masu yawa. Gefenmu na dama ya yi ƙasa, don haka na jera tubalan roba a gaban tayoyin wannan gefe na hau kansu, na ja birkin hannu, na sa weji, sannan Hajiya ta danna maɓallin da ke tura falo waje.

Wuta ita ce inda na fi yin taka-tsantsan. Turken zango yakan ba da amfiya 30 ko 50, tamu motar kuwa ta 30 ce, wato a kan bolt 120 abin da muke da shi bai wuce wat 3,600 ba. Kafin in jona komai nakan kashe makunnin turken, in sa na'urar kariya wadda ke gwada ko an haɗa wayoyin daidai, in kunna in karanta abin da ta nuna, sannan in sake kashewa in jona motar. Na'urar tana yanke wuta da kanta idan ƙarfin ya faɗi zuwa wajen bolt 104, abin da ke faruwa a wasu tsofaffin zanguna da rana tsaka lokacin da kowa ya kunna na'urar sanyaya ɗaki, kuma irin wannan raunin wuta yana kashe na'urar sannu a hankali. Wat 3,600 kuwa ba su da yawa. Na'urar sanyi tana cin kusan 1,500, butar dafa shayi ma haka, abin ɗumama ruwan wanka ma kusan haka, saboda haka wanda ya kunna ukun tare zai fita waje ya ɗaga makunni. Mun saba da tambayar juna kafin a kunna wani abu mai nauyi.

Ruwa ya fi sauƙi. Farar mesa ta ruwan sha ce kaɗai, ajiyarta daban, kuma ba ta taɓa haɗuwa da kayan kwashe ƙazanta. A bakin famfo nakan ɗaura abin rage ƙarfin ruwa zuwa wajen awo 45, domin bututun cikin mota na roba ne, mahaɗarsu kuma a ɓoye suke bayan kabad inda yoyo zai daɗe yana ruɓar da katako kafin a gane. Gurbinmu yana da wuta da ruwa amma ba shi da magudanar ƙazanta, don haka tankuna biyun, na banɗaki da na ruwan wanka da wanke-wanke, sai sun jira ranar fita. Wannan ya sa muka yi wanka a banɗakunan zangon domin kada tankin da ya riga ya kusa cika ya tumbatsa. Kafin magariba komai ya kammala, na zare makullin mota na rataye shi a ƙusar da ke bayan ƙofa.

Ranar hutun ta fara da sallar asuba. Alƙibla daga Texas arewa maso gabas take, abin da ke ba wa sababbin zuwa daga gida mamaki domin sun saba da fuskantar gabas, kuma tun da dare na duba ta na lura da wani tsauni da zan riƙa daidaita darduma da shi. Batun kasaru ya daɗe yana damuna a farkon wannan rayuwa, domin mutumin da gidansa ke tafiya tare da shi yana iya shakkar ko shi matafiyi ne. Malamin da na tambaya ya bayyana mini cewa a mazhabar Malikiyya tafiyar da ta kai kimanin mil 48 tana sa kasaru, niyyar zaman kwana huɗu cikakku kuma tana yanke ta, sannan malamai sun ambaci matuƙin jirgin ruwa wanda ke yawo da iyalinsa a cikin jirgin, suka ce shi ma yana kasaru. Da wannan nake aiki. Tunda zamanmu bai kai kwana huɗu ba, raka'a biyu-biyu muka ci gaba da yi, sai dai a ranar hutu kowace salla tana samun lokacinta da natsuwarta, ba kamar ranar tuƙi ba da ake neman gefen gidan mai a haɗa azahar da la'asar cikin ƙarar manyan motoci.

Da gari ya waye, kafin rana ta taɓa tayoyi, na fito da gejin iska. Ana auna iskar taya ne tana sanyi, domin zafin hanya ko na rana yana ɗaga awon ya yaudari mai aunawa. Tayoyi shida ne, huɗu a baya bibbiyu, kuma na cikin su ne masu haɗari, domin ɗaya tana iya sacewa ta waje ta ɗauke nauyin ba a gane ba har sai ita ma ta fashe. Na durƙusa a kan kwali na bi su ɗaya bayan ɗaya, ina shafa gefensu ina neman tsagewa ko kumburi. Tayar irin wannan mota tsufa ne ke kashe ta kafin zanenta ya goge, shi ya sa ake karanta lambobi huɗu na ƙarshe da ke jikinta, inda biyun farko ke nuna makon da aka ƙera ta, biyun ƙarshe kuma shekara. Idan an ga 2321, to mako na 23 ne na 2021. Bayan taya na duba baƙin mai da ruwan lagireto, na duba man janareta, na buɗe batiran ɗaki na ƙara musu tataccen ruwa har ya rufe farantan ciki. Duk wannan bai ɗauki awa biyu ba, amma a ranar tafiya mutum yakan ce sai gobe.

Hawa rufi shi ne aikin da Hajiya ba ta so, kuma ba ta yarda in hau sai tana riƙe da tsani. Babban maƙiyin irin wannan gida ruwan sama ne. Kowace tagar iska da kowace waya da ta ratsa rufi an toshe gefenta da danƙo, rana tana busar da shi, jijjiga tana tsaga shi, kuma tsagar da ba ta fi zare kauri ba ta isa ta jiƙa katakon ciki. Na rarrafa da gwiwa ina danna kowane layi da yatsa, na sami wuri ɗaya a gefen tagar banɗaki da ya ɗago, na goge shi da tsumma na zuba sabon danƙo, wanda ke buƙatar yini guda motar tana tsaye kafin ya kama. Daga sama kuma na share jar ƙurar da ta rufe farantan sola. A cikin ɗaki na bi ƙofofin kabad da sukudireba, domin babu makon da wani noti ba ya kwancewa, sannan na danna maɓallan gwaji na na'urorin da ke gargaɗin hayaƙi da yoyon gas. Wannan aiki ba ya burge kowa, kuma ba shi ake ɗauka a hoto a sa a Facebook ba, amma a ganina shi ne ya raba waɗanda suka ɗore a wannan rayuwa da waɗanda suka sayar da motar bayan shekara guda.

A wannan lokacin Hajiya ta kafa kicin ɗinta a waje, a kan teburin zango a ƙarƙashin rumfar da ke warwarowa daga jikin mota. Girki mai nauyi ba ya yiwuwa a ciki, domin daddawa da soyayyen manja suna kama labule da katifa su yi kwanaki, tururi kuma yana zama raɓa a jikin tagogi. Kafin mu gangaro mun tsaya a Amarillo, inda akwai 'yan Somaliya da yawa da ke aiki a manyan mayankan shanu na yankin, muka sayi naman halal a shagonsu. Ta dafa miyar kuka da kukar da 'yarmu ke aiko mana, ta yi miyar tumatir mai yawa, ta zuba su a ledoji ta shimfiɗe su fale-fale domin ƙaramin gidan ƙanƙarar firijin ya ɗauke su. Tuwon garin masara kuwa na ranar kaɗai ta tuƙa. Abincin da za mu ci a ranakun tuƙi masu zuwa duk a wannan hantsin aka tanade shi, kuma shi ne ke hana mu tsayawa sayen soyayyen dankali a gefen hanya. Ta wanke ƙananan kaya a bokiti, manyan kuma suka jira injin wanki na cikin gari.

Bayan azahar na zauna da littafin lissafi. Motarmu tana cin galan ɗaya a kowane mil takwas, don haka tafiyar mil 300 tana shan kusan galan 38, wanda idan galan yana dala 3 ya haura dala 110 a yini ɗaya. Kuɗin kwana a gurbi mai wuta da ruwa a gandun jiha bai kai rabin wannan ba. Ke nan ranar da ba a motsa ba ita ce mafi arha a cikin mako, kuma wanda ke rayuwa da fansho ba zai iya yin tuƙi kullum ba ko da jikinsa ya yarda. Akwai kuma takardu. Doka tana buƙatar kowa ya kasance da adireshi domin lasisin tuƙi da inshora da haraji da zaɓe, shi ya sa masu zaman mota suka fi yin rajista a Texas ko Florida ko South Dakota, jihohin da ba sa karɓar harajin albashi. Namu adireshin yana garin Livingston na Texas, inda ƙungiyar Escapees, wadda aka kafa a 1978, take karɓar wa membobinta wasiƙu ta tura musu duk inda suka ce. Na rubuta sunan ƙaramin garin da za mu ratsa nan gaba domin a aika ƙunshinmu gidan wayarsa, na duba sauran kwanakin maganin hawan jini, na ajiye saƙonnin har sai mun sami sabis.

Wajen ƙarfe biyu zafi ya sauko. Ƙasan kwazazzabon ya fi samansa zafi, har a Oktoba, kuma wannan yanki na Texas yana daga cikin wuraren da suka fi iska a ƙasar. Wata guguwa ta taso ba sallama ta ɗaga gefen rumfar, Hajiya ta ƙwala kira, "Alhaji, rumfa!" muka nannaɗe ta cikin gaggawa. Rumfar irin wannan mota ba ta jure iska, idan ta karye kuma takan fizge ƙarafunanta daga jikin bango, don haka ba ma barinta a buɗe idan za mu yi barci ko za mu bar wurin. Muka shiga ciki muka kunna sanyi muka yi ƙailula. A nan ne jarrabawar ranar hutu take, domin sanannen dutsen nan mai kama da hasumiya da ake kira Lighthouse yana kusa, tafiyar ƙafa ce ta kusan mil shida zuwa da dawowa, kuma zuciya tana cewa ai abin kunya ne a zo har nan ba a gan shi ba. Ban je ba. Mai hutun mako biyu dole ya kwashi komai kafin ya koma aiki, amma wanda hanya ta zama gidansa, idan ya mayar da kowace rana ranar yawon buɗe ido, ba zai yi nisa ba.

Da la'asar maƙwabcinmu, wani dattijo Bature da ya yi ritaya daga aikin jirgin ƙasa, ya zo da kujerarsa. Al'adar zango ita ce ba a ratsa gurbin wani, ba a kuma yi wa mai haɗa wuta ko mai kwance kaya magana, amma wanda ya zauna a waje da kujera ta biyu a gefensa ya buɗe ƙofar hira. Ƙanshin miya ne ya jawo shi, Hajiya ta zuba masa, ya ci yana share gumi. Daga hirar tayoyi da farashin mai muka gangara kan tarihin wurin, wanda allunan gandun ma suna bayyana shi. A nan ne ƙabilun 'yan asalin Amurka, wato Comanche da Kiowa da Cheyenne, suke fakewa da iyalansu, har zuwa Satumban 1874 lokacin da Kanar Ranald Mackenzie na rundunar Amurka ya sauko musu da sojojinsa da sassafe, ya ƙone tantunansu da abincin da suka tanada domin hunturu, ya kame dawakai wajen 1,400, aka harbe fiye da dubu daga ciki. Mutanen da aka kashe ba su da yawa, amma rashin dawakai da abinci ya tilasta musu komawa matsugunan da gwamnati ta keɓe. Shekara biyu bayan haka, a 1876, wani Bature makiyayi mai suna Charles Goodnight ya shigo da shanunsa. Ban ga ya dace mu da muke yawo don ra'ayin kanmu, da firiji da na'urar sanyi, mu kwana a wurin ba tare da sanin waɗanda aka raba da shi da ƙarfi ba.

Da rana ta yi sanyi muka ɗan taka a gefen zangon. Talotalon daji suna kiwo tsakanin motoci ba tsoro, kuma a can jikin dutse muka hangi wasu dabbobi masu jan gashi da dogon gemu har ƙirji. Ragon dutse ne, irin wanda ke duwatsun Ayar a Nijar da sauran tsaunukan Sahara, an kawo shi nan a ƙarshen shekarun 1950 domin farauta, ya hayayyafa har masu kula da daji suna kukan yawansa. A ƙasa kuma tsidau ne ko'ina, shi ɗin dai da muka sani, yana maƙalewa a takalmi ya shiga ɗaki ya jira tafin ƙafar mai fitowa alwala. Saboda shi muke cire takalmi a kan tabarmar ƙofa mu kakkaɓe. Hajiya ta zauna a teburin waje da Alƙur'aninta har magariba, ni kuma na zauna can gefe. Mutum biyu da ke rayuwa a ɗakin da faɗinsa bai wuce ƙafa takwas ba suna buƙatar awa ɗaya ko biyu da kowa zai kama gabansa, kuma a ranar tuƙi babu wannan damar.

Bayan isha'i, kafin ƙarfe goma da dokar zango ta ce a yi shiru, na kammala abin da za a iya kammalawa. Na naɗe tabarma, na mayar da kujeru da murhu ma'ajiyarsu, na cika tankin ruwan sha zuwa sulusi kawai, domin kowace lita kilo ɗaya ce kuma gobe akwai hawan dutse. Na buɗe taswirar direbobin manyan motoci na bi hanyar gobe ina neman gadoji masu ƙasa, domin tsayin motarmu ya haura ƙafa 11 kuma na rubuta adadin a takarda na manna a gaban sitiyari. Hasashen yanayin da aka liƙa a allon zango ya nuna iska za ta ƙaru da rana, saboda haka muka yanke shawarar tashi da wuri mu yi gajeriyar tafiya.

Da safe muka warware komai bisa akasin yadda muka haɗa: aka mayar da falo ciki, aka kashe makunni aka zare wuta, aka cire mesa, aka sauka daga kan tubala, sannan kowannenmu ya zagaya motar shi kaɗai yana duba ƙofofin ma'ajiya da matakala da eriya. Tsayawar ƙarshe ita ce wurin zubar da ƙazanta. Na sa safar hannu, na ɗaura babbar mesa a bakin bututu na tabbatar ta kama, na cusa ɗaya bakin a rami na danne shi da dutse. Tankin banɗaki ake fara buɗewa, kuma ana so ya kasance ya haura kashi biyu cikin uku domin nauyin ruwan ya tura komai waje. Mu masu tsarki da buta ba mu cika samun toshewar da masu takarda ke kuka da ita ba, saboda ruwa ya wadata a tankin. Da ya tsiyaye na rufe shi, na buɗe na ruwan wanka, wanda sabulunsa ke ɗauraye mesar. Na zuba 'yan galan na ruwa da magani a masai domin kada ƙasan tankin ya bushe, na wanke wurin saboda motoci biyu na jira a bayanmu, na wanke hannu da sabulu. Hajiya ta hau gangaren da ƙaramar mota domin a rage wa babbar nauyi, na bi ta a giya ta biyu, muka ɗaura su a filin da ke sama. A nan sabis ya dawo, ta kira jikoki, ni kuma na tura saƙon wasiƙu, na kama mana gurbin dare biyu a zango na gaba kafin mu hau kwalta.